Yadda zaka zaɓi waya da manhajar taswirar da zasu kaika inda zaka

Yawancinmu idan muka shiga kasuwar waya, ko Farm Centre ce a Kano ko Banex a Abuja ko wajen masu tebur na bakin tasha, tambaya uku muke yi: kyamararta tana fitar da mutum, memori nawa ne, tana riƙe caji? Shikenan sai a shiga ciniki. Da wuya kaji wanda ya tambaya ko wayar tana da kamfas, wato abun da yake gane inda ka fuskanta, ko sikirin ɗinta yana ganuwa a cikin rana, sai ranar da mutum ya tsinci kansa a shataletale a garin da bai sani ba, ɗigon nan shuɗi na taswira yana kallon gabas shi kuma yana kallon yamma, na baya suna ta danna masa hon. Wannan abun yana damuna sosai saboda kuɗi ne masu yawa mutane suke zubawa, kuma gwajin da zai raba ka da wannan wahalar bai wuce minti goma ba a gaban mai shago.

Toh bari mu bi abun daki-daki.

Ka fara da tambayar kanka ina kake zuwa da wayar

Wanda yake tuƙi cikin Kaduna ko Abuja kullum, inda sabis yake ko'ina, buƙatarsa daban da ta wanda yake ɗaukar kaya daga Dawanau zuwa Maraɗi, ko wanda yake shiga ƙauyuka sayen amfanin gona. Na farko so yake a faɗa masa inda gosulo yake ya kauce. Na biyu so yake taswira ta ci gaba da aiki bayan sabis ya ɗauke gaba ɗaya. Ɗan adaidaita da ɗan acaɓa masu kai saƙo su kuma rana ce babbar matsalarsu, rana da batir. Ka riƙe amsarka a ranka domin ita zata yanke maka komai a gaba.

Sai tsarin da yake tafiyar da wayar

A yanzu biyu ne suka rage a fagen, Android na Google da iOS na Apple. Waɗanda suka riƙe waya tun da zasu tuna Symbian na Nokia da BlackBerry da Windows Phone, duk sun kwanta dama, kada wani ya sayar maka da su da sunan araha domin babu manhajar taswira ta yanzu da zata hau kansu yadda ya kamata. iPhone ta fito a 2007, wayar Android ta farko kuma a 2008, daga nan wayar madanni ta fara ja da baya.

Tecno da Infinix da itel duk na kamfani ɗaya ne, Transsion, kuma duk Android ne a ciki, kwalliyar da aka yi masa a sama ce ta bambanta, ita ce zakaga an rubuta HiOS ko XOS. Haka One UI na Samsung, haka HyperOS na Xiaomi da Redmi wanda ya maye gurbin MIUI. Riga ce kawai aka sauya, mutumin ɗaya ne.

Abun da iPhone ta fi shi shine baka da fargabar kayan ciki, duk wata iPhone da zaka samu a kasuwa yau tana da GPS da kamfas, kuma Apple suna daɗewa suna turo sabuntawa, iPhone 6s ta fito da iOS 9 amma sai da ta kai iOS 15. Matsalar ita ce yawancin mu ta hannu muke saya, wadda ake cewa Landan yus, toh nan fa sai ka buɗe ido. Ka shiga saitin, ka duba lafiyar batir, idan ta sauka ƙasa da 80 cikin 100 ka san taswira zata shanye shi kafin ka bar Zariya. Ka duba layin da aka rubuta Carrier Lock, dole kaga No SIM restrictions. Ka tabbata mai ita ya fita daga iCloud, wato akawun ɗinsa na Apple, a gabanka, ba wai "je ka dawo zan cire maka" ba. Sannan daga iPhone 14 zuwa sama, waɗanda aka yi wa kasuwar Amurka basu da gidan sim kwata-kwata, eSIM kawai suke ɗauka, wato layin da ake ɗora wa waya ba tare da an saka kati ba, wanda yake tsallaka boda yana sauya layi tsakanin Najeriya da Nijar wannan zai takura masa.

Android kuma fili ne mai faɗi, akwai ta talaka akwai ta mai kuɗi, yawanci sim biyu, da yawa suna ɗaukar memori kad, batir 5000mAh ya zama ruwan dare. Amma a nan ne ake rage kaya don a sauke farashi, kuma cikin abubuwan da ake cirewa a ƙananan wayoyi akwai kamfas. Wajen sabuntawa ma sun bambanta ƙwarai, Pixel 8 da Galaxy S24 an yi musu alkawarin shekara 7, ƙananan wayoyi kuwa wata bata wuce sabuntawa ɗaya ko biyu. Ka lura da Huawei, tun 2019 da Amurka ta saka musu takunkumi sababbin wayoyinsu basa zuwa da Play Store da manhajojin Google, suna da tasu taswirar Petal Maps. Haka wasu wayoyin da aka yi don kasuwar cikin Chaina. Ka buɗe wayar ka nemo Play Store da idonka.

Ra'ayina a nan, idan aljihunka matsakaici ne kuma tafiya ce gabanka, gara sabuwar Android mai RAM (memorin da waya take aiki da shi) 4GB na gaske da kamfas da babban batir akan tsohuwar iPhone da batirinta ya gaji. Nace na gaske saboda yanzu zakaga an rubuta 8GB a kwali da manyan baƙi, a ƙasa kuma ƙanana 4+4, wannan 4 ɗin na biyu aro ne daga ma'ajiyar waya, baya gudu kamar na asali.

Gwaji a gaban mai shago kafin ka miƙa kuɗi

Nan ne zuciyar maganar, kada kaji kunya. Ka ce masa, "Malam don Allah ka bani minti goma in fita da ita waje, ga yaronka ya biyo ni." Mai kaya mai kyau baya ƙin wannan.

Na farko ka fita cikin rana, ranar tsaka idan da hali, ka ƙure hasken sikirin ka buɗe taswira. Idan sai ka sa tafin hannu ka yi mata inuwa kafin ka karanta sunan titi, toh a kan babur ko a gaban mota ba zata yi maka ba. Cikin shago kowace waya kyau gare ta saboda inuwa.

Na biyu tacin. Ka danne wata manhaja a fuskar wayar har ta ɗago, sai ka ja ta a hankali kana zagaya sikirin ɗin, gefe da gefe, sama da ƙasa, lungu huɗun nan duka, ba tare da ka ɗaga yatsa ba. Duk inda ta suɓuce daga yatsanka da kanta, wajen ya mutu ko yana shirin mutuwa. Sai ka buɗe taswira ka sa yatsa biyu ka buɗa ka matse, ka murza ta ta juya. Sikirin ɗin da aka sauya da na bogi a nan yake tona kansa, zakaji yana tsalle ko yana jinkiri. A Samsung akwai lambar gwaji, ka danna *#0*# a wajen kira, akwatuna zasu fito, akwai na taci akwai na sensa. Ka kuma jona ta a caji ka sake gwadawa domin wata wayar lafiyarta ƙalau sai an sa mata caja take fara danna kanta, kuma kai a mota kusan kullum a jone zata kasance.

Na uku kamfas, wanda nake ta nanatawa. Ka buɗe Google Maps ka tsaya cak, zakaga ɗigo shuɗi da wani haske yana fita daga jikinsa kamar hasken tocila. Ka juya jikinka a hankali da wayar a hannu. Idan hasken yana juyawa tare da kai, akwai kamfas. Idan babu hasken, ko ka juya shi bai motsa ba, babu. Wayar da bata da kamfas zata iya kaika a mota saboda idan kana gudu tana gane inda ka dosa daga motsinka, amma da zarar ka tsaya a mararraba, ko kana tafiya a ƙasa cikin kasuwa kamar Kantin Kwari ko Kurmi, bata san gabanka da bayanka ba, sai ka yi taku ashirin kafin ta gane ka juya baya. Kuma manhajar alƙibla ma da kamfas take aiki, wanda bashi da shi alƙiblarsa ba abar dogaro bace. Ni gwajin da nake yi kenan ma, in tsaya daidai da masallacin da yake kusa in buɗe manhajar alƙibla in ga ko zata yi daidai da inda liman yake fuskanta. Idan hasken ya buɗe da faɗi sosai, kamfas ɗin yana son gyara ne, ka riƙe wayar ka zana lamba 8 a iska sau uku ko huɗu zakaga ya tsuke.

Na huɗu GPS kansa. Mutane da yawa sun ɗauka data ce take nuna inda mutum yake, ba haka bane. Wayar tana sauraron taurarin ɗan adam ne da suke sama da nisan kilomita wajen 20,000, tana buƙatar aƙalla guda 4 kafin ta lissafa inda kake, kuma sauraron nan kyauta ne, ko babu sim a wayar zai yi. Data tana taimaka mata ne ta kama su da wuri, da kuma sauko da hoton taswirar. GPS na Amurka ne, Rasha tana da GLONASS, Turai tana da Galileo, Chaina tana da BeiDou, wayar da take jin dukkansu ta fi saurin kamawa musamman tsakanin dogayen gine-gine. Idan Android ce ka sauke wata ƙaramar manhaja GPSTest, ka tsaya a fili inda babu rufin kwano a kanka, zata jero maka taurarin da take gani da tutar ƙasarsu. Idan minti biyu uku suka wuce a fili bata kama ba, ka mayar masa da abarsa. Cikin shago ko ƙarƙashin rumfar kwano ba wajen gwaji bane, kada ka zalunci wayar.

Sai ka danna *#06# ka gwada lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar da zata fito, da wadda take jikin kwali, ka karɓi rasit. Idan Android ce ta hannu shima ya cire akawun ɗinsa na Google a gabanka.

Wace manhajar taswira

Kada ka tsaya a ɗaya. Biyu nake ba kowa shawara, ɗaya ta cikin gari ɗaya ta daji.

Google Maps ita ce ta cikin gari, babu tantama. Tun 2005 take, kuma ita ta fi sanin shaguna da asibitoci da gidajen mai da makarantu a garuruwanmu saboda mutane ne suke saka su da kansu. Launin da kake gani a kan titi, kore da ruwan lemo da ja, daga wayoyin mutanen da suke kan titin ake haɗa shi, idan wayoyi da yawa suna rarrafe sai ta san akwai cunkoso. A 2019 suka ƙara tsarin masu babur a Najeriya da muryar Turancin ƴan Najeriya, ga mai kai saƙo a babur wannan ya fi masa na mota domin lissafin lokacin daban ne. Tana hawa Android tana hawa iPhone.

Apple Maps ta zo a 2012, a iPhone take zuwa, babu ita a Play Store. Tana da tsabta da daɗin kallo, kuma daga iOS 17 ana iya sauke yanki a ajiye. Amma a garuruwan arewa ni dai naga Google ta fi ta sanin lunguna da sunayen wurare nesa ba kusa ba, don haka ko iPhone gareka ka sauke Google Maps.

Waze a Isra'ila aka ƙirƙire ta, Google ta saye ta a 2013. Ƙarfinta direbobi ne da suke sanar da juna haɗari ko rami ko cunkoso, saboda haka inda masu amfani da ita suke da yawa kamar Legas tana da amfani, inda babu su kuwa babu mai sanar da kai komai. Kuma bata yi sai da data.

Ta daji kuwa, ka ɗauki ɗaya cikin waɗanda suke aiki da OpenStreetMap, taswirar da masu sa kai a duniya suke zanawa tun 2004. Organic Maps ita ce mafi sauƙi, bata da talla, bata da nauyi, ka sauke yanki shikenan komai yana aiki babu data har da tafiyar ƙasa. OsmAnd ta fi ta zurfi, tana iya adana sawun hanyar da ka bi ka dawo ta kanta, abun da zai yi wa mai shiga gona mai nisa ko mai bin ƙauyuka amfani, sai dai saitinta yana da yawa, sai mai haƙuri, kuma ta kyautar tana da iyakar yankunan da zaka sauke. Akwai kuma HERE WeGo, jikar taswirar Nokia ta da, wadda kamfanonin motocin Jamus suka saya a 2015, ita ma ana sauke ƙasa a ajiye.

Yadda zaka gane wadda ta fi a yankinku abu ne mai sauƙi, ka buɗe su duka ka nemo unguwarku da ƙauyenku, inda ka sani kamar tafin hannunka. Wadda ta zana layinku daidai, ta san hanyar da ta bi ta bayan makarantar firamare, ita zaka fi yarda da ita a wajen da baka sani ba.

Sauke taswira tun kana gida

Daren tafiya ake wannan, ba a tasha ba. Ka samu waifai ko ka yi amfani da datar dare. A Google Maps ka taɓa hotonka da yake sama a dama, ka shiga Offline maps, ka zaɓi Select your own map. Wani akwati zai fito, ka matse ko ka buɗa har ya rufe yankin da kake so, a ƙasa zata faɗa maka nauyinsa, sai ka danna Download. Akwati ɗaya baya ɗaukar doguwar tafiya, idan daga Kano zaka Abuja ka yi guda biyu ko uku suna ɗan hawa kan juna don kada a samu giɓi a tsakiya. Idan zaka tsallaka Jibiya zuwa Maraɗi ko ta Daura zuwa Damagaram ka sauke ɗaya ɓangaren tun kana wannan ɓangaren, kafin layinka ya daina aiki.

Ka san iyakarta. Google Maps babu data hanyar mota kawai take bayarwa, babu ta ƙafa, babu labarin cunkoso, kuma abun da ka sauke yana da wa'adi, idan ya daɗe ba a sabunta ba zai ƙare, ka riƙa leƙawa. Shi yasa nace ka haɗa da Organic Maps.

Bayan ka gama sai ka gwada, wannan matakin mutane suke tsallakewa. Ka kashe data da waifai ka bar lokeshan a kunne, ka rubuta sunan garin da zaka ka ce ta kaika. Idan shuɗin layi ya fito, ka gama.

Saitin da yake hana taswira yin shiru a hanya

Ka shiga saitin manhajar ka ba ta izinin lokeshan, ka kunna Precise location, idan ba haka ba unguwa kawai zata sani ba layi ba. Sai ka shiga ɓangaren batir ka cire ta daga cikin waɗanda waya take kashewa don tattalin caji, wayoyin Android da yawa suna da zafin hannu a nan, da sikirin ya mutu sai muryar ta ɗauke kai kuma kana ta tafiya ka wuce kwanarka. Ka bar taswirar a zane na yau da kullum, hoton sama yana cin data sosai, sai in kana son ka ga ko hanya kwalta ce ko burji sannan ka kunna ka kashe. A Waze da OsmAnd da Organic Maps akwai inda zaka ce ta guji hanyar da ba kwalta, da damina ka kunna shi.

Zafi kuma abokin gaba ne. Apple da kansu sun ce wayarsu an yi ta ne ta yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35, mu kuwa a watan Afrilu muna haura 40, ga gilashin mota ga caji ga GPS duk lokaci ɗaya. Kada ka manna ta a gilashi rana tana dukanta, ka samu mariƙi na bakin iska ko inda inuwa take, ka cire mata murfin roba mai kauri idan ta fara zafi. Mariƙi mai maganaɗisu da gidan waya mai maganaɗisu suna rikita kamfas, ka kula. Ka sayi cajar mota mai kyau da fawa bank. Kuma wayar a mariƙi take zama ba a hannu ba, latsa waya ana tuƙi laifi ne a doka kuma rai ake magana, idan akwai wani a gefenka shi zai riƙe.

Rubuta sunan wuri

A nan mutanenmu suke yawan ɓata, kuma ba laifin wayar bane. Tudun Wada nawa ka sani? Akwai a Kaduna, akwai a Zariya, akwai a Jos, akwai a Gusau, ga ƙaramar hukuma guda a jihar Kano. Sabon Gari kuwa ba a magana. Dutse ta Jigawa daban, Dutse ta Abuja daban. Kullum ka haɗa da sunan gari ko jiha, kuma kafin ka danna fara tafiya ka duba kilomita nawa ta ce, idan wajen da ka san bai wuce awa ɗaya ba ta ce awa biyar, ba shi bane. A Nijar rubutun Faransanci ake bi, Damagaram sai ka rubuta Zinder, Tawa Tahoua, Tasawa Tessaoua, Madawa Madaoua, Dogon Dutsi Dogondoutchi.

Abun da taswira bata sani ba

Wata damina muka tafi ɗaurin aure wani ƙauye da ni da ƙanina da abokinsa, wata manhajar taswira ta nuna mana yanke da zai rage mana kusan rabin awa, muka sauka daga kwalta muka hau burji, gero ya yi tsayi hagu da dama, tafiya tana ta daɗi har muka iso bakin wani rafi. A sikirin layi shuɗi ya miƙe ya tsallaka kamar akwai gada. A gabanmu kuwa jan ruwa ne yana gudu da karan dawa a kansa. Wani dattijo yana zaune a gindin tsamiya yana gyaran fartanya, muka fito muka gaishe shi.

"Sannu Baba, an wuni lafiya? Don Allah nan mota tana wucewa?"

Ya dube mu ya dubi motar yace, "Da rani tana wucewa ƴaƴana. Yanzu ko amalanke bata shiga. Ku koma bakin kwalta ku bi ta kasuwa, ku ce a nuna muku hanyar gada."

Mun samu ɗaurin auren da ƙyar. Taswirar bata yi ƙarya ba, hanya tana nan, lokacinta ne bata sani ba. Haka bata san gadar da ta karye jiya ba, bata san ranar kasuwar da take toshe titi ba, kuma mafi muhimmanci a halin da muke ciki bata san hanyar da babu tsaro ba. Gajeriyar hanya kawai take lissafawa, ita daji da gari duk ɗaya ne a wajenta. Saboda haka duk doguwar tafiya ka buɗe hanyar gaba ɗaya tun a gida ka karanta sunayen garuruwan da zata ratsa da kai, sannan ka je tasha ka tambayi direbobin layin, "Direba, ta ina kuke bi kwanan nan, kuma ƙarfe nawa kuke daina shiga?" Matambayi baya ɓata. Idan tsakiyar tafiya ta ce ta samo maka hanya mafi sauri ta cikin wani daji, ka ƙi, ka tsaya a babban titin da manyan motoci suke bi.

Tura wa wani inda kake

Adireshinmu yawanci kwatance ne, bayan gidan mai, layin mai shayi, gida na uku mai jan ƙyaure. Ka sauƙaƙa wa baƙonka. Ka tsaya a ƙofar gida a waje ba cikin ɗaki ba, ka jira da'irar da take kewaye da ɗigon ta tsuke, ka danne wajen har jan tsinke ya fito, sai ka tura. A WhatsApp akwai iri biyu, na inda kake tsaye yanzu, da mai rai wanda yake binka na minti 15 ko awa 1 ko awa 8. Mai rai ɗin ka tura wa na gida idan ka hau hanya, amma wanda ka yarda da shi kawai, kada ka jefa shi a guruf.

Idan lambobi zaka tura ta saƙon tes saboda babu data, ka kula da jerinsu. Kano tana wajen 12.0 da 8.5, ta arewa ake fara rubutawa sannan ta gabas. Ka juya su ka rubuta 8.5 da 12.0, taswira zata kai mutum wajajen Ganye a jihar Adamawa.

Wanda iyayensa zasu Hajji ko Umara ya zauna ya yi musu wannan da hannunsa kafin su tashi. Ka sauke Makka da Madina a Google Maps da Organic Maps, ka nuna wa Hajiya ko Alhaji inda zasu taɓa sau biyu sau uku har hannunsu ya saba. Ka roƙi wani matashi a tawagarsu cewa ranar da suka sauka ya tsaya a ƙofar masauki ya dasa tsinke ya adana shi da suna mai sauƙi kamar Gida, ya yi haka a tantinsu na Mina domin tantunan duk kama ɗaya ne. Kusa da Harami dogayen gine-gine suna sa ɗigon ya riƙa tsalle, don haka su riƙe lambar ƙofar da suka shiga, ƙofar Sarki Abdul'aziz ita ce ta 1, ta Sarki Fahad 79. Sannan ka ɗauki hoton katin masaukin ka mayar da shi hoton fuskar wayar, yadda ko bata buɗu ba zasu iya miƙa wa ɗan sanda ko direban tasi ya karanta.